Garin da Buba Ya Gano a Ƙetaren Kwara

Da faɗuwar ruwan bana, shekara tara ke nan da aka kashe aminina Buba a kan hanyar Gwashi. Ni Bahaushe ne, fataucin hatsi nake yi a Gummi. Shi Bafillace ne, a rugar da ke bayan gonar mahaifina aka haife shi. Tare muka yi karatun allo, tare muka girma. Yana kirana Kaɗo, ina kiransa Bahillace, ba wanda ya taɓa jin haushi. Yau in na faɗa wa matasa haka, kallon mai tatsuniya suke yi mini.

Duk lokacin da na tuna shi, wata tafiya ce take fara zuwa mini. Shekara biyu kafin rasuwarsa ruwa ya ɗauke da wuri, ciyawa ta ƙare tun kafin girbi, ya ji labarin angurya na araha a arewacin Benin, inda ake noman auduga. Yana son ya sayo wa shanunsa, ni kuma ina son ganin kasuwar waken soya. Muka bi ta Kamba, muka ƙetare Kwara, muka yini a mota har wani ɗan gari da ba zan faɗi sunansa ba. Bai kai rabin Bukkuyum ba. Kwalta ɗaya ce ta ratsa tsakiyarsa, manyan motoci na wucewa da lodin auduga, iska na zubar da ita tana maƙalewa a ƙayar gefen hanya. Wutar lantarki sai ta ga dama. Masallacin Juma'arsu ko fenti babu. Na duba gabas da yamma, na ce a raina garin nan bai fi mu da komai ba.

Buba bai ga haka ba. Kwana huɗu muka yi, kullum da ya gama ciniki sai ya shiga gari da ƙafa, ya dawo da labari. Ya ga matan Fulani a tsakiyar kasuwa suna sayar da cuku da suka rina ja da karan dafi, matan gari na zolayarsu suna ramawa. Ya ga wata mata ita kaɗai a kan keke, da goyo a baya da fartanya a gaba, ta nufi gona mai nisa ko waiwaye ba ta yi. A rana ta uku ya kamo hannuna.

“Kaɗo, taho ka ga abin mamaki.”

Ya kai ni bayan gari. Turakun siminti ne, tsayin ƙugu, an shafa musu fenti ja da fari, layi biyu, sun miƙe cikin daji har inda ido ya gaza. Burtali ne, hanyar shanu. Gonar auduga ta zo har gindin turke ta tsaya cak. Muna nan muka tarar da zama a ƙarƙashin mangwaro: shanun wani sun shiga dawar wani. Mai gari da arɗo suka taka har gonar, suka duba ɓarnar da idonsu. Aka yanke cewa bayan girbi makiyayin zai kai garkensa su zauna a gonar su ba ta taki. Da aka kira La'asar, mai gonar da mai shanun a sahu ɗaya suka tsaya.

“Ka gani?” in ji Buba. “Ba ɗan sanda, ba alƙali, ba wanda ya zare adda. Da mi sunka hi mu?”

Na ce, “Ba su da yawa ne, Bahillace. Bari su cika ƙasar, ka dawo ka ba ni labari.”

Na yi dariya, shi bai yi ba. Har muka iso iyaka bai sake tayar da zancen ba.

A lokacin satar shanu ta riga ta fara a wajenmu, kuma gonaki sun cinye burtalin da muka taso muka gani. Ba zan ɓoye wa masu karatu ba, har da tamu. Da muka dawo, ni Buba ya fara samu. Ya ce in na janye daga gefen da muka shiga, sauran manoma za su ji kunya su bi. Na ce masa na riga na yi shuka, ya bari sai bayan girbi. Da girbi ya zo na ce sai baɗi. Shi kuwa bai zauna ba. Ya je wurin dattawan gari, ya bi rugage, ya tsaya a ƙofar masallatai yana ba da labarin garin nan har mutane suka fara gudunsa. Ya sayar da bijiminsa ya sa aka buga turaku, aka jibge su a bayan shagona suna jiran in cika alkawari. Wasu Hausawa suka ce hanya yake buɗe wa ɓarayi. Samarin Fulanin da suka shiga daji suka ce ya sayar da Fulani ga Haɓe.

Ranar wata kasuwa, bayan Azahar, yana komawa gida a kan babur aka harbe shi. Har yau ba a san ko su wa ne ba, kowane ɓangare na nuna ɗayan. Ni na wanke gawarsa.

Nakan tambayi kaina abin da zai ce da zai leƙo yau. Gonar da na hana shi taku goma a cikinta ta koma daji, shekara shida ban taka ta ba. Yanzu ko'ina burtali ne, shanun ne babu. An ƙone rugarsu. Inna, mahaifiyarsa, wadda ta sha ba ni kindirmo a ƙwarya, ta rasu a Anka cikin 'yan gudun hijira, a ɗakin da ba ƙyaure. Manomi ba ya zuwa gona sai da izinin mai bindiga, Bafillacen kirki kuma ba ya shigowa kasuwa sai ya tuɓe rawaninsa ya gyara harshensa. Ina jin ba zai zage ni ba, ba halinsa ba ne. Kallona kawai zai yi, kuma wannan ya fi mini zafi.

Shekaru ina lallashin kaina da cewa aƙalla garin nan yana nan, akwai inda abin ya yiwu. Bara wani direba da ke bin hanyar ya zo auna masara a wurina, na tambaye shi. Ya ce yanzu sojoji ne a ƙofar garin, mata sun daina zuwa gona su kaɗai, masu cukun ma sun ɗauke ƙafa daga kasuwa. Abin da na faɗa cikin raha ya tabbata, kuma ban taɓa ƙin gaskiyata kamar ranar ba. Na gode wa Allah da Buba bai ji wannan labari ba.

To me ya rage nasa? Dukiya babu, ruga babu, kabarin ma ba ya ziyartuwa. 'Yarsa Hajjo ce ta rage, a gidana ta ƙarasa girma, ta yi karatun ungozoma. Watan jiya aka ɗaura mata aure da wanda ta zaɓa. Daga dangin ubanta ba namiji ko ɗaya da ya iya zuwa: wasu sun mutu, wasu sun yi ƙaura, wasu na daji. Da liman ya nemi waliyyi na matso gaba. Ya san ni, ya san ko 'yar wa ce, amma ya tambaya don jama'a su ji.

“Alhaji, mi kake gare ta?”

Na ce, “Ni baffanta ne.”

Mutum biyu suka tashi suka sa takalmansu suka tafi. Sauran suka zauna, aka shafa Fatiha.

Allah Ya jiƙan Buba, Ya yafe mini jinkirina.