Garwashin da Kunama Ta Riƙe

Iya, kakarmu ta wajen uba, ba ta taɓa ɗaukar kara ba sai ta yi masa sallama. A ƙauyenmu da ke gindin duwatsun Roni, da an idar da Magariba za ta nufi tarin karan dawa a bayan rumbu, ta buge shi sau uku da muciya, ta ce, "Masu gida, ga baƙuwa." Sai ta ɗan dakata, sannan ta zari na hura wuta. Mu jikoki mu yi ta ƙyaƙyata, muna cewa tsufa ya kai Iya gaisawa da makamashi.

Har yau in na lumshe ido ina jin ƙamshin wutar nan. Hayaƙi na tashi a hankali kamar ba ya son barin gida, duwatsu na huce zafin da suka sha da rana, shanun maƙwabtanmu Fulani na tuƙa a bayan danga. Taurari kuwa a lokacin sun fi na yanzu kusa. Akwai ranar da sai da na sunkuya don kada wata ta shafi ƙeyata.

Ranar da ta ba mu labarin, ni ne sanadi. Ina ɗan shekara tara na zari kara ba sallama, kunama ta amsa mini a yatsa. Ihun da na kurma, mutanen Babura sun ce sun ji, fatake daga Nijar ma suka aiko tambayar ko lafiya. Iya ta wanke yatsan, ta tsoma shi a ruwan randa, ta zaunar da ni a gefenta.

"Haba angona, wannan raki haka? Ashe rago na aura. Yi shiru, ga ta nan tafe gare ku, in ta ji kuka komawa za ta yi."

"Ta ƙaraso mu ji ta!" in ji sauran yara.

Wai a zamanin da babu wuta a duniya, gero ɗanye mutane ke ci. Aka nemi mai hawa dutse mafi tsawo ya roƙo garwashi wajen taurari. Kura ta ce ƙafa na damunta, zomo ya ce yana da baƙi. Sai kunama, wadda a lokacin ko sauro bai tsoronta, ta goya 'ya'yanta ta hau. Taurari suka ba ta garwashi biyu. Ta riƙe ɗaya a hannu, ta ɗora ɗayan a ƙarshen wutsiya, ta ɗaga shi sama don kada ya taɓa goyonta. Da ta sauko, mutane suka wawashe na hannun, suka tattake ta, babu mai ce mata sannu. Ita kuwa ta shige ƙarƙashin dutse da wanda ya rage.

"Shi ne har yau," in ji Iya. "Ka yi sallama, ta matsa maka. Ka faɗo mata, ta ɗana maka. Ƙurunƙus, kan ɓera ya yi kaɗan, a ƙara da na angona."

Ƙanwata ta ce, "Iya, zai mutu?"

"Wannan ƙaton? Garwashi in ya faɗa soro, bango kawai yake baƙantawa. Amma in ya faɗa 'yar bukka, ba a tsayawa neman guga. Gari ake kira."

Na girma, na koma Kazaure, na yi tumbin da ke riga ni shiga masallaci. Bazarar bara, bayan La'asar, 'yata Ummi mai shekara biyu ta zura ƙafa cikin takalmina, sai ƙara, ashe kunama ce a ciki. Kafin in kashe kunamar gida ya cika. Wannan da kananzir, wancan da reza zai tsaga wurin, wata da tsumma za ta ɗaure ƙafar. Ni kuma, gwanin ban dariya, ina cewa, "Ai gado ne, ni ma ta sha ni. Gobe war haka ya wuce."

Matata ta ce, "Baban Ummi, dubi yarinyar nan."

Gumi ya jiƙe ta sharkaf, yawu na dalala, ta yi amai, numfashinta na fita da sauri. Sai na ji muryar Iya kamar tana bayana: 'yar bukka.

Na ture rezar, na sungumi Ummi, na tare ɗan acaɓa. Tumbin nan ranar bai san yana da nauyi ba.

A asibiti likita ta tambaye ni, "Kun tsaga? Kun ɗaure?"

"A'a, ranki ya daɗe."

"Kun kyauta. Babba yakan sha zafi ya warke, amma a jikin ƙaramin yaro dafin na iya taɓa zuciya da numfashi. Gara da ba ku jira ba."

Suka wanke wurin, suka yi mata allurar kashe zafi da wasu magunguna, suka sa mata ƙarin ruwa, suka kwana suna duba ta. Da safe ta buɗe ido ta ce ƙosai take so. Na sayo wanda zai ishi unguwa.

Shekara arba'in ina ba da labarin Iya don a yi dariya, kullum ina tsayawa a kan ihuna. Ashe maganar da ta jefa wa ƙanwata a ƙarshe, ita ce ta ajiye mini, don tattaɓa-kunnen da ba za ta taɓa gani ba. Ban san ko taurari sun taɓa ba kowa garwashi ba. Abin da na sani, yanzu kowace safiya nakan bugi takalmana sau uku a ƙasa. 'Ya'yana manya na dariya, wai tsufa ya zo wa Baba da wuri. Ummi kuwa takan durƙusa kusa da ni, ta bugi nata ɗan silifas, ta leƙa ciki, ta ce, "Masu gida, ga baƙuwa."