Kokon da Ya Ɗage wa Ɗana Tiyata

Gara in faɗa da bakina kafin wani ya riga ni: a wannan labari ni ne sakaran. Na kai shekarun da mutum kan ba da labarin ƙuruciya ya naɗa wa kansa rawani, to amma uwar yaran tana nan da ranta, kuma jikokinta suna karanta mata duk abin da na rubuta. Saboda haka gaskiya dole.

Shekarar da soja suka koma bariki suka bar wa farar hula mulki, karon farko ke nan a wayona, ina ɗinki a wani ɗan shago a Koki. Kasuwa ta buɗe mana, don kowa ya zama ɗan siyasa, kuma ɗan siyasa ba ya hawa mumbari da ƙaramar riga. Ilimina kuwa aji huɗu ne na elementare da izu goma sha biyu na allo. Rabi nan, rabi can, in ka haɗa ba su cika guda ba. Amma a lungunmu ni ake kawo wa wasiƙa, ni ake kawo wa katin asibiti, ni ke fassara labaran rediyo ga waɗanda suka ji su da kunnensu tare da ni. Mutum in aka daɗe ana ce masa Malam, wata rana sai ya yarda.

'Ya'yanmu uku a lokacin. Babban namiji ne ɗan shekara shida, sai ƙanwarsa mai huɗu, sai ta goye. Kowace Lahadi bayan la'asar nakan rufe shago, in ɗora babban a kariyar keke, ƙanwar a gaba kan wani ɗan matashi da na ɗinka mata, mu nufi Goron Dutse. A ƙasa in sai musu rake gaɓa bibbiyu, in jingine keken wajen mai raken, mu hau. Daga sama nake koya musu gari. In nuna musu ganuwa, in nuna musu inda jirgi ke sauka, in nuna wani rufi can in ce ga gidanmu, su yarda. Ni kaina ban taɓa gano gidanmu daga can ba.

A irin wannan hawan ne yaron ya tsaya a tsakiyar hanya, ya tsuguna ya dafe mararsa. Na ɗauka fitsari ne. Da na ɗaga rigarsa sai na ga wani kumburi kamar ƙwan zabuwa a gefen matsematsinsa. Na danna da yatsa ya shige, ya yi tari ya dawo. Na tambaye shi tun yaushe, ya ce Umma ta sani.

Ta sani kuwa. Wata biyu tana gasa masa da tsumma tana kallon abin, ba ta faɗa mini ba. Ɗan fari ne, kuma ita tarbiyyar tsofaffi ce. Ba ta faɗin sunansa, ba ta ɗaukarsa a gaban mutane, in ya faɗi a tsakar gida sai ta kau da kai ta bar wa uwata ta ɗaga shi. "Yaron nan" take ce masa. Ranar da na tsare ta da tambaya, abin da ta ce kawai shi ne yaron nan dai ya kamata a kai shi a gani.

A asibiti likita ya ce ƙaba ce, hanji ke leƙowa ta wata kafa, sai an yi aiki an ɗinke. Ya ce aikin ba babba ba ne, amma in wata rana abin ya fito ya yi tauri ya ƙi komawa, ko yaro ya kama amai, to a ruga da shi ko a wane hali ake. Aka sa mana wata ranar Talata da za a yi aikin. Wata nas, babbar mace mai gilashi, ta zaunar da ni ta ce daga tsakar dare kada ya ci komai, kada ya sha komai, ko ruwa. Ta faɗa sau uku, da Hausa tsantsa. Na ce mata Sista, ai ni mai karatu ne. Ta dube ni ta saman gilashi ta ce masu karatun ne suke ba ta wahala.

Ranar Litinin na je wajen malamina na karɓo rubutu. Ba a kai yaro gaban wuƙa hannu rabbana, wannan ko yau haka zan yi. Malam ya rubuta allo uku, ya wanke, ya zuba mini a kwalba. Ban faɗa masa abin da nas ta ce ba, don ban ga haɗin ba.

Da asuba na dawo daga masallaci, uwar tana wanke ta goye a bayan ɗaki, na jawo yaron zaure da kwalbata. A nan na yi fatawa ta farko: an ce kada ya ci kada ya sha, amma rubutu addu'a ce, kuma babu likitan da ya isa ya hana addu'a. Yaro ya leƙa kofi ya ga baƙin ruwa, ya ɗanɗana, ya yamutsa fuska ya ce ɗaci. Na lallashe shi, ya ƙi. Sai na yi fatawa ta biyu: abin da wajibi ba ya cika sai da shi, shi ma wajibi ne. Wannan na taɓa ji a wajen karatu, ban dai tsaya na ji a kan me ake magana ba. Na fita bakin lungu wajen tsohuwar da ke koko, na sayo na sisi, na sa sukari, na juye rubutun a ciki. Ya shanye tas, har yana lashe leɓe. Ya ɗago ya dube ni da idanun nan na yaron da ya kwana da yunwa, ya ce koko ba ƙosai? Fatawa ta uku ba ta da nassi. Guda biyu na ba shi. Na goge masa baki da hannun rigata, na ce wannan tsakaninmu ne, kada Umma ta ji.

A asibiti aka sa masa wata 'yar riga mai igiya a baya, aka kwantar da shi a gado mai taya. Nas ɗin nan ta zo da takardarta ta tambaye ni ko ya ci wani abu, na ce a'a, da zuciya ɗaya, don ni a lissafina addu'a ya sha da 'yan rakiya. Ta tambayi uwar, ta ce a'a. Sai ta sunkuya ta shafa kan yaron ta ce, "Ɗan samari, me ka karya da shi yau?"

Ya dube ni. Ya dubi uwarsa. Ya ce, "Baba ya ce kar in faɗa."

Nas ba ta yi mini tsawa ba, da ma ta yi. Ta kira likita, shi kuma ya yi mini bayani a hankali kamar yana magana da ƙanwar yaron. Ya ce in aka sa mutum barcin aiki da abinci a cikinsa, yana iya amai cikin barcin, aman ya gangara huhu, yaro ya tafi ke nan. Ya ce in gode wa Allah da ɗana ya fi ni gaskiya. Yau ba aiki, masu jira sun yi yawa, sai bayan mako uku.

Aka kwance masa rigar. A hanyar gida uwar tana gaba da goyo, ni ina baya ina tura keke da yaron a kai. Ba ta ɗaga maganar ba, kuma haka ta zauna mako ukun nan. Tana gaishe ni, tana kawo mini abinci, tana amsa abin da na tambaya. Amma kullum da safe kafin in fita sai in hango ta ta labule, ta ja yaron ƙuryar ɗaki inda take zaton ba mai gani, ta ɗaga rigarsa ta danna wurin a hankali, ta riƙe numfashi har sai ya shige. Sannan ta ture shi ta ce tafi ka ba ni wuri.

Na koma wajen malamina don ya tabbatar mini ina da hujja. Ya saurare ni har ƙarshe, ya ce da na tambaye shi, ai shafawa ma ta wadatar. Ya ƙara da cewa ƙosai dai ba ya cikin abin da ya rubuta.

Lahadi ta biyu yaron ya nace sai an je dutse. Likita ya hana shi gudu da hawa, saboda haka na goya shi, ƙanwar tana riƙe da bakin rigata. Yaro ɗan shekara shida ba abin goyo ba ne a kan dutse, na kai sama ina haki kamar jakin da aka yi wa lodin ƙasa. Muka zauna. Bai taɓa rakensa ba. Can ya ce, "Baba, don na faɗa ne aka kore mu?"

Na ce masa a'a, don na ba shi ne. Ya ce to ai shi ya ce a sa ƙosai. Na ce yaro aikinsa ya roƙa, babba aikinsa ya hana, ni ne ban yi nawa ba. Ya juya maganar a ransa, sannan ya fara shan rake. Ni kuma na ce ƙura ce ta shiga mini ido.

Kwana huɗu kafin ranar, da hantsi, ƙanwar ta shigo shago a guje ta ce Yaya yana kuka, abin ya ƙi shiga. Na bar rigar wani ɗan takara a bakin allura na fita ba takalmi. Na tarar uwar ta kwantar da shi a tabarma ta ɗaga ƙafafunsa a kan cinyarta, a gaban uwata, a gaban matan gida, ba ta ko kula da su ba. Tana shafa wurin tana kiran sunansa. Ranar na fara jin sunan a bakinta. Ina ƙoƙarin fito da keke sai abin ya yi wani ɗan ƙugi ya shige. Duk da haka muka kai shi, likita ya ce a bar shi a nan har Talata.

Nas ta rubuta takarda ta maƙala a gadonsa, ta kuma nuna ni ga mai gadin ƙofa ta ce wannan Malamin in ya zo da safe a laluba aljihunsa. Rubutu na biyu uwar ce ta shafa masa a ka da ƙirji. Ranar Talata aka shiga da shi da ƙarfe tara, kafin azahar aka fito da shi yana barci, da ɗinki ɗan kaɗan. Na duba ɗinkin da idon sana'a, ba laifi.

Washegari 'yan dubiya suka cika gefen gadon: uwata, yayyena mata biyu, da wana. Yaro ya farka har ya sha shayi. Da na ga hankali ya kwanta, sai malantar ta motsa. Na gyara zama na ce ai in an duba, jinkirin nan alheri ne. Wa ya san abin da ke cikin waccan Talatar? Komai da lokacinsa, bawa ba ya gaggauta abin da Ubangiji ya jinkirta. Wana yana gyaɗa kai, yayyena suna cewa haka ne, na ji daɗin muryata na ƙara da cewa Allah ne ya ɗage aikin nan da kansa.

Uwar yaran tana zaune a ƙasa tana yi masa fifita. Ba ta ɗago ba, ba ta daina fifitar ba.

"Haka ne, Malam," ta ce. "Sai dai mai koko ta ce ba mala'ika ta sayar wa ba."