Giyar Mota da Usto Mirzohalim Ya Ajiye Mini

Daga Allah muka fito, gare Shi kuma za mu koma. Ranar Alhamis, sha shida ga Oktoba, bayan la'asar, ina zaune a shagona na kayan gini a Khujand, 'yarka Gulchehra ta kira ni ta ce, "Baffa, Baba ya cika." Na ajiye wayar, na rasa wanda zan gaya wa.

Usto Mirzohalim, babban makanike, shekara arba'in ka yi a ƙarƙashin manyan Marsandi masu shan dizal. Kowa a garin nan ya san ba ka taɓa aksul na baya sai ka kai motar sikelin auduga an auna ta. Kuma ba ka auna ta wayam. Sai mai ita ya shiga da iyalinsa da kayan da ya saba ɗauka. Daga nan ka ɗaga ta a jak, ka zana alli a taya, ka zana a farfela, sandar da ke juya tayoyin baya, ka juya tayar da hannu kana ƙirga zagayen farfelar. Direbobi suna yi maka dariya, suna cewa kana auna mota kamar ragon layya. Amma tasu ba ta taɓa tsayawa a hawan dutsen Shahriston na hanyar Dushanbe ba.

Ka san ni tun ina wanke motoci a tasha. Karatuna bai wuce aji takwas ba, ban gaji ko ƙusa ba, abin da na tara da hannuna na tara shi. Kai kaɗai nake yarda ya ce mini na yi kuskure. Lokacin da ba ni da na abincin rana, kai kake raba gurasarka biyu, ka tura mini kofin shayi, ka ce wai ka ƙoshi.

Da na sayi doguwar baƙar motata, na zo maka da giyar aksul ta wata ƙaramar Marsandi mara nauyi don ka ɗora mata. Ina son gudu. Ka sa muka je sikeli, ni da matata Oyisha da 'ya'yana biyu da surukata da buhun shinkafa, kai ma ka shigo gaba. Ka dubi allurar ka ce, "Davlatyor, wannan ta fi waccan nauyi da kilo ɗari huɗu tun kafin cikinka ya shiga. Tana son giya mai zagaye uku da rabi. Wadda ka kawo ba ta kai uku ba."

Na ce, "Usto, ka tsufa. Ka saba da motocin da jaki ke wucewa."

Ka ce, "Jakin yana kaiwa Dushanbe dai."

Na kai ta wani gareji aka ɗora mini. Wata biyu bayan haka, muna tafiya bikin ƙanwar Oyisha, motar cike, ta kasa hawan. Kulocin ya ƙone, muka yini a gefen dutse. Labarin ya riga ni dawowa gari. Ni kuwa na kasa shiga garejinka. Na gyara kulocin, na bar giyar yadda take, don kada a ce ka yi gaskiya. Shekara shida ke nan. Ranar da aka binne Oyisha ka zo, ka ɗauki makara, ka riƙe hannuna ka ce in leƙo mu sha shayi. Na ce to. Sau nawa na bi ta ƙofarka na rage gudu, sannan na wuce.

Ranar sadakar uku, bayan an ci shinkafa mutane sun watse, Gulchehra ta kai ni garejin. Ta sauko da wani abu mai nauyi, naɗe a tsohon bargo. Giya ce, an shafe ta da man giris. A jikin katakon da ke ƙarƙashinta ka rubuta sunana da alli, da nauyin da sikeli ya nuna ran nan, sannan ka ƙara, "mutum shida da shinkafa." Ta ce, "Duk shekara yana sake mata giris. Cewa yake Baffanku zai zo, taurin kai ne kawai."

Usto, yanzu motar ba ta ba ni wahala. Oyisha ta rasu, surukata ta riga ta, yaran suna aiki a Rasha. Ni kaɗai nake hawa Shahriston, kuma tana hayewa sumul da giyar da ka hana ni. Nauyinta ya ragu. Ka lissafa ta da mutum shida, har da kai a gaba.

Ka yi gaskiya, ni na yi kuskure. Na rubuta a nan don kowa ya karanta, tunda ban faɗa maka kana ji ba. Jiya na sa an ɗora giyarka. Ba ta gudu kamar da, ni ma ba inda nake sauri.

Ina miƙa ta'aziyyata ga matarka Bibisoro, da Gulchehra, da jikokinka, da duk direban da ya taɓa tsayawa a sikelin auduga yana gunaguni. Allah Ya ba ku haƙuri. Allah Ya gafarta maka, Ya haskaka kabarinka, Ya nauyaya mizaninka ranar awo, Ya sa ka yafe mini.

Davlatyor Rahimzoda, Khujand