Kurciyar da Ta Tsaya a Bakin Kogi

A unguwar Jarwal ta Makka aka haife ni, a wani gida na duwatsu da langa-langa, amma kunnena a Damagaram ya girma, don kakata Hajjo ba ta taɓa yarda ta yi mana tatsuniya da Larabci ba. Ana idar da Magariba za ta hura gawayi, ta ɗora butar shayi, ta ce, "Ga ta nan da zafinta, ku matso kafin ta huce. Ke Balki, sarkin surutu, rufe min bakin nan!" Ni ke nan.

Kowa a gidan ya san ciwonta. Da za su taso aikin hajji a ƙafa daga Damagaram, ƙyanda ta kama 'yarta Rakiya, sai ta bar ta wurin yayarta, wai shekara biyu ta dawo. Hanyar Chadi da Sudan kaɗai ta ci shekara tara. Da ta tashi komawa bayan yaƙin Turawa, aka ce yanzu sai da jawazi, takardar ƙetare iyaka. Sau uku babana yana kai ta Jidda. Ofishin Faransa suka ce babu sunanta a littafinsu, ta kawo shaidar haihuwa da Faransanci. Na Ingila suka ce ba tasu ba ce. Hukumar Makka kuwa Larabci kawai take ji.

Tatsuniyar da ta fi yi mana ta kurciya ce. Wai a garin tsuntsaye, kowa na zuwa gindin tsamiya ya faɗa wa sarki kukansa baki da baki. Sai wani baƙo ya zo da bindiga da littafi, ya hau kujerar sarki, ya ce daga yau shari'a da makaranta da izinin tafiya duk da yarensa za a yi. Ya naɗa aku tafinta. Kurciya tana da ɗiya a hayin kogi. Ta roƙi a bar ta ta haye, aku ya ce, "Faɗa da bakin mai gida." Ta shekara bakwai tana koyon kalma ɗaya. Ranar da ta iya, ta isa bakin ruwa, ta tarar da wani baƙon daban da nasa littafin, da nasa yaren.

"To daga nan fa, Kaka?"

"Tana nan tsaye."

"Haba Kaka! Ba tana da fiffike ba?"

"Uwarki ma da fiffike," in ji ta, ta kai min dunguri. "Har samaniyar sun rubuta a littafi."

Ba ta taɓa rufe wannan tatsuniyar da kan kusu ba. Sai dai ta yayyafa wa gawayi ruwa ta tashi. Wallahi haushi nake ji, ina ganin rowar ƙarshen labari take mana.

Ta rasu a nan Makka, ba ta ga Rakiya ba. Na yi aure, na haihu, 'ya'yana suka shiga makarantar hukuma, Hausa ta zube daga bakinsu ina ji ina gani, har da taimakona, don na fi so su samu aiki.

Wata shekara wani alhaji ya yi sallama a ƙofarmu, jawazinsa na Faransanci a aljihu. Ɗan Rakiya ne. Na zaunar da shi kusa da babban ɗana, jini ɗaya, hanci iri ɗaya, suna ta yi wa juna murmushi kamar kurame. Alhajin ya ce min, "Yaya, Inna ta rasu bara. Har ta mutu tana cewa uwarta ta ga Makka ta manta da ita."

Na kasa ko kuka. Ɗana ya taɓa ni, ya tambaya da Larabci, "Ummi, me ya ce?"

Na buɗe baki zan fassara masa, sai na ga inda nake zaune, a tsakaninsu, wurin aku.