Desmond da Saƙon Juma'a

Mijina Desmond Hallworth ma'aikacin hukumar ruwa ne a garinmu, a arewacin Ingila. Aikinsa duba rahotannin injiniyoyi kafin a sa musu hannu, kuma tun kafin mu yi aure yake yinsa. Yana da haƙuri da kusan komai, jinkirin jirgin ƙasa, maƙwabci mai kiɗa, shayin da ya huce. Rubutun ganganci ne kawai ba ya iya haɗiyewa.

Da 'yarmu Rhona ta shiga firamare sai ya gamu da gamonsa. Kowace Juma'a makarantar kan turo wa iyaye saƙo ta waya: ranar zuwa iyo, kwarkwata ta ɓulla a aji uku, a daina tsayar da mota a bakin ƙofa. Jimla takan fara ta ɓace a hanya. Wani lokaci sai ka karanta sau uku kafin ka gane wa ake so ya kawo me. Iyaye kan yi gunaguni a bakin makaranta su watse. Shi kuwa sai ya zauna a kicin, ya gyara saƙon tsaf, ya mayar wa sakatariyar makarantar, Misis Bickerstaff. Ba ta taɓa ba shi amsa ba.

"Baba, kana ba ni kunya," in ji Rhona. "Misis Bickerstaff ta ce ko malamai ba su kai ka naci ba."

"Ki gaya mata ni ma ban taɓa ganin ɗaliba mai taurin kai irinta ba."

Sanƙarau ya ɗauke Rhona a watan Maris, tana shekara tara. Makarantar ta aiko da furanni, aka dasa itacen tuffa a bayan ajinsu. Sai dai ba wanda ya tuna da na'urar da ke tura saƙonni. Juma'a tana zagayowa wayoyinmu biyu suka yi ƙara tare: a tabbatar kowane yaro ya zo da takalman wasanni.

Haka aka ci gaba. Ni a kantin magani nake aiki. Saƙon kan same ni ina tsakiyar ƙirga wa wani ƙwayoyi, sai in rasa inda na tsaya, in sake daga farko. In na dawo gida in tarar da Desmond a kicin yana gyara.

"Des, wa kake yi wa wannan?"

"Ai wasu iyayen suna karantawa."

"Naka ba wanda ke karantawa."

"Na sani, Hilary," ya ce, bai ɗago ba.

Duk mako wannan ne kaɗai lokacin da nake ganin ya zauna kan abu har ya gama shi.

A watan Yuni na je ofishin makarantar na ce a cire lambata. Misis Bickerstaff tana tsakanin waya da wani yaro mai haɓo. Ta sallami yaron, ta rufe ƙofa.

"Misis Hallworth, lambobinku a jikin sunan yarinyar suke rataye. In na cire sunan, ku biyun kun fita. Kuma na'urar ba ta yarda a bar gurbin uwa ko na uba ba komai."

"To, ki cire."

Ta ɗora hannu a kan madannan kwamfutarta, ba ta danna ba.

"Mijin nan naki ya hana ni sakat shekara da shekaru," ta ce. "Shi ma ya ce a cire?"

Na ce ban tambaye shi ba. Can na tambaye ta ko na'urar za ta karɓi lamba ɗaya a gurbi biyu. Ta gwada da lambar Desmond, na'urar ta karɓa.

Tun daga ranar wayata ta yi shiru, tasa kuma tana yin ƙara sau biyu a jere.

"Kin ga sabon salo," ya ce a Juma'ar farko. "Yanzu kuskuren ma biyu-biyu suke turowa."

Ya dube ni ɗan lokaci, bai tambayi me ya sa tawa ba ta yi ƙara ba.

Ajin su Rhona zai gama firamare a watan Yulin baɗi. A ranar na'urar za ta share ajin gaba ɗaya, kuma Misis Bickerstaff ta ce wannan ba a hannunta yake ba. Ban gaya masa ba tukuna.