Jajen da Gwaggo ta shirya wa matar Irland

Shekarata ta biyu a jami'a, can Bron kusa da Lyon, aikina guda ne. In zauna gaban ordinater, wato kwamfuta, ina karanta shaidar mutanen da sojojin tawayen Irland suka faɗa wa gidaje, kusan shekara ɗari huɗu da suka wuce. Da yawansu mata ne. Ni kuwa sai in zuba su layi-layi: an ƙone gida, an kore shanu, an tuɓe wa mutane tufafi. Har na saba, ina yi ina watsa gyaɗa a baki.

Da hutu ya zo na hau jirgin ƙasa zuwa Paris, na sauka Stains wajen Gwaggo, ƙanwar mahaifina, wadda ke zaune gidan ɗanta. Ita kaɗai ke tare da Baba ranar da ƴan bindiga suka shiga gidanmu na can gabas, ni ina karatu a Yamai. Shekara biyar ke nan ba ta taɓa gaya mini yadda ya cika ba. Sau ɗaya na tambaya, ta miƙe ta bar mini ɗakin. Ban ƙara ba, amma abin yana cina a rai.

Tana yankan kuɓewa da hantsi ta ce, "Wai kai, wannan karatu naka da ya ƙi ƙarewa, mi ake koya maka?"

Sai na ba ta labarin mace guda daga cikinsu. An fasa mata ƙofa, an kashe mijinta tana kallo, an tuɓe ta ita da ƴaƴanta aka kora su cikin sanyi, ƙaramin ya mutu a hanya. Da yake na saba da abin, ban tuna in faɗi zamanin da aka yi shi ba.

Gwaggo ta aje wuƙa ta yi salati. Ta shiga ɗaki, ta fito da zane biyu, bargo da sabulu. A wurinmu ba a zuwa jaje hannu sake, wanda aka yi wa tsirara kuwa sutura ake fara kai masa.

"Irland ɗin nan, metro yana zuwa? Ko sai an canja a gar, babbar tashar jirgi?"

Allah ya yafe mini, dariya na yi. Na ce, "Gwaggo, ai matar nan ta mutu tun kafin a haifi kakan kakanmu. Kuma Baturiya ce, Kirista."

Ko murmushi ba ta yi ba. Ta zauna da kayan a cinya.

"To kai a bakin wa ka ji?"

"A bakinta. An zaunar da ita, ta yi rantsuwa, ta faɗa, wani ya rubuta."

"Ta iya rubutu?"

"A'a. Ƴar alama kawai ta zana a ƙasan takardar."

"Kuma maganar tana nan, har kai ɗan Damagaram ka zo ka same ta?"

Na ce tana nan. Wata goma sha takwas ina jujjuya takardun nan, ban taɓa jin girman abin ba. Mace ta buɗe baki rana ɗaya cikin tsananin baƙin ciki, ƙarni huɗu suka wuce, ga wata tsohuwa a hawa na shida tana naɗe mata bargo. Kunya da mamaki suka rufe ni, na kasa ɗaga kai.

Gwaggo ta daɗe tana shafa zanen da tafin hannu. Tukunya tana ta tafasa, ba wanda ya kula.

"Tashi ka kashe gaz ɗin nan," ta ce. "Ɗauko takarda da bik. Ka miƙo mini Alƙur'ani tukuna, ni ma sai na rantse."

Na kawo mata, na zauna gabanta a ƙasa.

"Rubuta. Ranar Talata ce, bayan la'asar. Babanka yana ba awaki ruwa."