Farar tumfafiya da na soya wa surukata

Shekarun baya da nisa, tun Turawa ba su tafi ba, aka kai ni aure daga Azare zuwa wani ƙauye kusa da Udubo. Ubana tela ne, iyakar sanina da fara in gan ta soyayya a faranti a kasuwa. Matan gidan mijina kuwa tun ranar da na kasa ɗaga damin gero suka raɗa min suna 'yar birni.

Surukata, wadda kowa ke kira Inna, yanar ido ta rufe mata gani, ko tafin hannunta ba ta gani. A lokacin girbi ta tashi daga zazzaɓi, bakinta ba ya son komai. Rannan ta ce ita fara take marmari. Kafin kowa ya yi magana na yi caraf na ce gobe ni zan kamo mata. Yayar mijina ta taɓe baki ta ce, "To, mā gani."

Ashe da sassafe ake kamun fara, tun raɓa ta jiƙa mata fiffike. Ni kuwa sai da rana ta ɗaga na fita da butar duma. Na yi ta tsalle cikin kara kamar sabon kamu, ƙarangiya ta cika min zani. Ga su kalar ƙasa da busasshiyar ciyawa, ba ka ganin su sai sun tashi. Da ƙyar na kama bakwai.

A hanyar komawa na ga tumfafiya cike da wasu manyan fari, ruwan ɗorawa da zanen baƙi-baƙi, suna zaune a fili ko gezau. Ba zan yi muku ƙarya ba, na san su. Tun muna yara ake ce mana ba a cin farar tumfafiya. Amma na tuna bakin yayar mijina, na ce a raina ai camfi ne, wuta za ta kashe komai. Ba wadda ta gudu, na yi ta tsinka har butar ta cika.

Na laɓe a madafa na cire fiffike da ƙafafu, na watsar bayan rumbu. Na tafasa, na soya da man gyaɗa, na zabga yaji. Na kai wa Inna, na koma bakin ƙofa na tsaya. Ta ci ɗaya, ta yi jim, sannan ta ci gaba. Ta ce, "Sannu, 'yar nan. Ta yi daɗi."

Kafin la'asar amai ya kece mata. Zufa ta rufe ta, tana dafe ƙirji tana cewa zuciyarta za ta fito. Wata Bafulatana maƙwabciyarmu ta kawo madara ana ɗura mata. Ni kuwa ina riƙe da kasko, na tabbata na kashe tsohuwar mutane.

Sai ga yayar mijina ta shigo da fukafukan nan cike da hannu. Ta ce, "Ku duba abin da na gani bayan rumbu! Kaji sun kewaye shi sun ƙi taɓawa. Wa ya kawo wannan gidan nan?" Mijina ya juyo ya dube ni. Wallahi na so ƙasa ta tsage.

Inna ta ɗaga hannu da ƙyar ta ce, "Ni na sa ta. An ce min maganin ciwon gaɓɓai ce. Ku ƙyale yarinya."

Kwana uku tana kwance, Allah ya sa da sauran shan ruwanta. Rana ta huɗu ina tsefe mata kai, ba kowa a ɗakin, ta ce, "'Yar nan, fara mai daɗi ɓuya take yi, don kowa na neman ta. Waccan ta ci tumfafiya, dafin yana jikinta, shi ya sa take ado ta zauna a fili. Tsuntsun da ya ɗanɗana sau ɗaya, ya haddace kalar har ya mutu. Ni ce dai ban da idon gani."

Na fashe da kuka na ce ta yafe min. Ta ce ta yafe tun ranar, ai tun ta farko ta ji ɗacin, yaji bai ɓoye shi ba.

Na ce, "To Inna, me ya sa kika ci gaba da ci?"

Ta ce, "Na ji numfashinki a bakin ƙofa, kina jira in yaba."

Yau na haura shekarun da Inna take da su a lokacin. Mijina ya rasu bai san gaskiya ba, yayarsa ma haka. Ita farar ba ta cuci kowa ba, ta faɗi abin da take da shi a jikinta ƙarara. Ni ce na tuɓe mata rigar, na miƙa wa wadda ba ta gani. Kuma har yau idan wani ya yabi girkina, sai in ji kunya ta hana ni amsawa.